Don Allah a daina rufe bakin yaro da katun

Duk ranar awo da riga-kafi sai mun ga abin nan a layi. Uwa na zaune a benci da ɗan shekara biyu a cinya, da ya fara mutsu-mutsu sai ta zaro waya ta kunna masa katun. Ya yi tsit. A kira sunansa, ko waiwaye. Idan aka zo kan tambayar kalma nawa yake faɗa, sai a ce, "Ai Malama bai fara ba tukuna, amma ya iya canja bidiyo da kansa." Har da murmushi, wai yaro ya yi wayo.

Daga Anguwan Rogo, Gangare, Rikkos har Bukuru labarin ɗaya ne, kuma ya fi ƙamari a watannin sanyi. Mun san sanyin Jos na Disamba da Janairu, ba mai son ɗansa ya fita tsakar gida da sassafe. Mun san aiki ya yi wa uwa yawa: ga girki, ga wanki, ga neman ruwa, wata ma ga sana'a. Ba mu ce ba ku ƙoƙari ba. Amma talabijin da waya ba za su yi muku reno ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida tun 2019. Yaron da bai kai shekara biyu ba, kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin ko kaɗan. Daga shekara 2 zuwa 4, kada ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ma ya fi. Awa ɗayan nan duka ne a haɗe, da talabijin ɗin falo da wayar Mama da ta Baba da ta Anti. Ku lissafa na gidanku tun daga lokacin da aka kawo wuta. Da yawa za ku samu awa biyar, shida.

Yaro a bakin mutane yake koyon magana. Ya ce "ba", ki ce "Baba? Ga Baba can", ya kalli bakinki ya sake gwadawa. Katun ba ya jiran amsarsa, surutunsa kawai yake zubawa, galibi ma da harshen da ba a yi a gidan.

Wanda ya fi ci mana rai shi ne na wajen cin abinci. A jingina waya a jikin kofi, yaro ya saki baki yana kallo, a riƙa ɗura masa kunu ko gwate. "Ai in ba haka ba ba ya ci." To wa ya saba masa? Yaron da ake ciyarwa hankalinsa na kan allo bai san ya ƙoshi ba, bai san ɗanɗanon abin da ya haɗiya ba, ga hatsarin shaƙewa tunda ba tauna yake da kyau ba. Ranar da caji ya ƙare kuma gida ya kama da wuta. A cire wayar nan. Zai yi kuka, zai ture cokali kwana biyu ko uku, kukan ba zai yi masa illa ba. A zaunar da shi cikin 'yan'uwansa ya ga ana ci, a bar shi ya sa hannu ya ɓata riga.

Sai ku iyaye maza. Kun biya kuɗin dikoda, kun ajiye rimot a kan kujera, kun fita kasuwa sai dare. Wa ke zaɓar tasha? Ɗan shekara bakwai. Shi zai bi tashoshi ɗaya bayan ɗaya har ya faɗa kan fim ɗin da aka rubuta 16 ko 18 a kusurwarsa, ƙaninsa na gefe yana kallon yanka da harbi. Da dare yaro ya farka da ihu, ya koma fitsarin kwance, a ce shafar aljanu ce. A yi addu'a, amma a tambaya me ya kalla da yamma. Haka wanda ake barin talabijin a ɗakinsa har sha ɗaya: ɗan firamare na buƙatar barcin awa 9 zuwa 12, da safe sai ya yi ta gyangyaɗi a aji a ce ba ya da ƙwaƙwalwa.

Abin yi ba shi da wuya:

A shiga saitin dikoda, a nemi wurin da aka rubuta Parental Control, a kulle duk abin da ya haura shekarun yaran. DStv da GOtv suna zuwa da lambar sirri 1234, kuma yara sun riga ku saninta, don haka a canja. Kada a sa shekarar haihuwa.

Talabijin ya fita daga ɗakin yara. A kashe komai awa ɗaya kafin barci.

Ba allo lokacin cin abinci, har manya.

In dole sai YouTube, a sauke YouTube Kids, a kashe abin da ke sa bidiyo ya bi bidiyo da kansa. Katin waya da aka kai shago aka loda wa finafinai, a duba shi kafin ya shiga hannun yaro, don masu turawa ba tacewa suke ba.

A faɗa wa kaka da mai aiki da maƙwabciyar da ake bar wa yaro. In ba haka ba, kin hana a ɗakinki an kunna a ɗaki na gaba.

Idan za a yi kallon, ki zauna tare da shi ko na minti goma ne, ki tambaye shi me ya gani.

Yaron da ya cika shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba, irin "Mama zo" ko "ba ni", ko ba ya waiwayowa in an kira shi, a kawo shi asibiti yanzu, kada a ce babansa ma haka ya yi nauyin baki. Ba kullum laifin allo ba ne, wani lokaci kunne ne, musamman wanda ya sha fama da ciwon kunne mai fitar da ruwa. Za mu duba, in ya kama mu tura ku wajen likitan kunne. Ku zo da katin awonsa.