Zuhudu da himmar ilimi a al'adar malaman Sakkwato

Zuhudu, wanda Hausawa suka fi sani da gudun duniya, shi ne mutum ya cire zuciyarsa daga abin da ya wuce buƙatarsa na dukiya da ado da muƙami, domin ya sami sararin duƙufa ga abin da ya ɗauka maƙasudin rayuwarsa. A wajen malaman Sakkwato, maƙasudin nan shi ne ibada da neman ilimi da karantarwa da wallafa littattafai. Ba su ɗauki zuhudu a matsayin barin sana'a ko dogaro da hannun mutane ba. Abin da suka koyar shi ne himma ba ta tsayawa a zuciyar da kwaɗayi ya rarraba, don haka sai an rage kaya kafin a gane abin da mutum ya fi iyawa, a kuma rene shi.

Tushe

Wannan fahimta ta iso ƙasar Hausa ta hanyar littattafan sufaye da ɗariƙar Ƙadiriyya. Daga cikin waɗanda suka fi tasiri akwai Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111. Shi da kansa ya ajiye babban muƙaminsa na karantarwa a Bagadaza a 1095, ya keɓe na tsawon shekaru, kuma a cikin littafinsa Ihya'u Ulumiddin ya ware babi guda ga talauci da zuhudu.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo

An haifi Shehu a Maratta a 1754, ya yi mafi yawan karantarwarsa a Ɗagel. Ruwayoyin jama'arsa sun nuna cewa tufafinsa kaɗan ne ƙwarai, wasu ma sun ce riga ɗaya da wando ɗaya da rawani ɗaya yake da su, kuma yakan tufka igiya da hannunsa ya sayar domin ya ci daga guminsa. Labarin da ya fi shahara shi ne na Magami, wajen 1788 ko 1789, lokacin da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a ranar Idi ya raba musu kyauta. An ce abin da aka miƙa wa Shehu ya kai miskali 500 na zinariya, amma ya ƙi karɓa, ya nemi abubuwa biyar a maimakonsa: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama duk mai rawani, a saki waɗanda ke tsare, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Wannan waƙi'a ta nuna amfanin zuhudu a sarari, domin ƙin karɓar zinariyar ne ya ba shi bakin neman abin da ya fi damunsa, wato 'yancin karantarwa.

Bayan hijira zuwa Gudu a 1804 da faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a hannun mayaƙan jihadi a 1808, mulki ya zo hannunsa, amma bai riƙe shi yadda sarakuna ke yi ba. Ya zauna a Sifawa yana karantarwa da rubutu, wajen 1812 kuma ya raba gudanar da daula tsakanin ƙanensa Abdullahi a yamma da ɗansa Muhammadu Bello a gabas. Ya koma Sakkwato wajen 1815, ya rasu a 1817. Ana jingina masa littattafai sama da 100, ban da waƙoƙin Fulatanci masu yawa.

Abdullahin Gwandu

Malam Abdullahi ya fi kowa tsanani a wannan fanni. Wajen 1807, da ya ga son ganima da muƙami da ƙawa ya fara shiga cikin mayaƙa, sai ya bar rundunar da niyyar tafiya ƙasa mai tsarki. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya karantar da su tafsiri, ya kuma rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan tsarin shugabanci, daga baya ya dawo gida. Ya bayyana damuwar da ta fitar da shi a waƙoƙin da ya tattara cikin Tazyinul Waraƙati. Ban da gudanar da yammacin daula, sauran rayuwarsa ta tafi ne wajen Larabci da fiƙihu da tafsiri, fannonin da zuciyarsa ta fi karkata gare su tun yana almajiri. Ya rasu wajen 1829.

Nana Asma'u

Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda ta rayu daga wajen 1793 zuwa 1864, ta isar da wannan tarbiyya ga mata ta waƙoƙin wa'azi na Hausa da Fulatanci, da kuma tsarin 'Yantaru, wato matan da ke taruwa domin neman ilimi. Shugabannin matan, waɗanda ake kira jaji, sukan zo daga ƙauyuka su koyi waƙoƙin su koma su karantar, alamarsu kuwa malfa ce.

A makarantar zaure

Tsarin karatun zaure yana ɗauke da wannan tarbiyya a aikace. Malam yana zaune a kan buzu, ɗalibi ya fito da littafinsa daga gafaka, ya karanta layuka kaɗan malam yana fassara masa, sannan ya ja gefe na bayansa ya matso. A bisa al'ada ba a son ɗalibi ya tsallake zuwa wani littafi kafin ya sauke wanda ke hannunsa. Bayan ya ratsa tauhidi da fiƙihu da nahawu da lugga, malami mai lura yakan gane fannin da ɗalibin ya fi ƙarfi, har ya tura shi wajen wanda ya ƙware a kansa, ko da a wani gari yake.

Yau

Har yanzu ana wannan karatu a zaurukan Sakkwato, musamman bayan sallar asuba da tsakanin magariba da lisha, kuma ma'aikata da 'yan kasuwa suna halarta. Malaman ɗariƙu da na Izala sun yarda da falalar ƙana'a, amma sun saɓa a kan halwa da wasu wuridai.