Waiwaye: Yadda zuciyar roba ta zama gadar masu jiran dashe

Tun da Christiaan Barnard ya yi dashen zuciya na farko a Afirka ta Kudu a 1967, matsalar ba ta sauya ba: masu jira sun fi zukatan da ake samu yawa, wasu kan rasu kafin layi ya zo kansu.

A 1969, Denton Cooley ya sanya wa wani majiyyaci zuciyar roba da Domingo Liotta ya ƙera, a birnin Houston na Amurka. Ta riƙe shi awa 64 har aka samu ta mutum, amma ya rasu jim kaɗan bayan dashen. A Disamban 1982 aka gwada zuciyar roba a matsayin ta dindindin, inda William DeVries ya sanya wa Barney Clark samfurin Jarvik-7 a Jami'ar Utah. Kwana 112 ya yi yana fama, jone da ƙaton injin. Sai a 1985 Jack Copeland ya nuna inda amfaninta yake, lokacin da ta riƙe wani matashi kwana tara har aka yi masa dashe ya tashi.

Aikin kansa ba ƙarami ba ne. Ana yanke ɗakunan zuciya biyu na ƙasa tare da bawul huɗu (ƙofofin da ke hana jini komawa baya), a ɗinka na roba a jikin ɗakunan sama da manyan jijiyoyin jini. A samfurin SynCardia, wanda Amurka ta amince da shi a 2004, iska ce ke tura wata 'yar fata ta roba mai harba jini, ta bututu biyu da suka ɓullo ta fatar ciki zuwa injin waje. Nan ƙwayoyin cuta ke samun ƙofa. Jini kuma ba ya son taɓa roba da ƙarfe, sai ya daskare, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa ya haddasa shanyewar ɓarin jiki. Maganin tsinka jini na hana haka, amma in ya yi yawa zubar jini ke biyo baya. Girma ma matsala ce, shi ya sa bayan SynCardia mai cc 70 (ma'aunin yawan jinin da kowane ɗaki ke ɗauka) aka yi mai cc 50 don masu ƙaramin ƙirji.

Abin da muke sa wa ido yanzu shi ne wata sabuwar zuciyar roba mai suna BiVACOR, wadda ba ta da bawul, sai faifai ɗaya da maganaɗisu ke riƙewa yana juyawa ba tare da gogayya ba. A 2025 wani majiyyaci a Sydney ya haura kwana 100 da ita, har aka sallame shi daga asibiti kafin a samu zuciyar da aka dasa masa.