Matsalolin ingancin haruffa a manhajar TeX

Matsalolin ingancin haruffa a TeX su ne lahanin da ke bayyana a jikin rubutu bayan an tsara shi da wannan manhaja: haruffa su fito dishi-dishi a fuskar kwamfuta, ko gefensu ya yi zartsi-zartsi idan an ƙara girman shafi, ko su yi siriri a takarda, ko wani harafi ya ɓace gaba ɗaya. TeX manhajar tsara ɗab'i ce da masana lissafi, kimiyyar lissafi da injiniyanci suka fi amfani da ita, galibi ta hanyar LaTeX, tarin umarnin da aka gina a kanta domin sauƙaƙa aiki. Yawancin waɗannan matsaloli sun samo asali ne daga zubin haruffa, wato abin da masu kwamfuta ke kira font, musamman daga yadda aka ƙera zubin farko domin injinan ɗab'i na wani zamani da ya wuce.

Asali

Donald Knuth, malami a Jami'ar Stanford ta Amurka, ya fara aikin TeX ne saboda takaicin munin haruffa. An buga juzu'i na 2 na littafinsa The Art of Computer Programming a 1969 da injin Monotype mai zuba haruffan dalma. Da aka zo sake buga shi, an daina wannan hanya, an koma tsara ɗab'i da hoto, kuma shafukan gwajin da aka aiko masa ba su yi masa ba ko kaɗan. A 1977 ya ajiye rubutun littafin ya shiga rubuta manhajar da za ta tsara shi. Ya yi zaton aikin 'yan watanni ne, sai ya ci kusan shekara 10.

Manhaja biyu ya fitar. TeX tana shirya inda kowane harafi zai zauna, amma ba ta san kamanninsa ba. Faɗinsa da tsayinsa da zurfinsa kawai take karantawa daga fayil ɗin TFM, wato fayil ɗin ma'aunin haruffa. Ta biyun, Metafont, ita ke zana harafin. Sigarta ta farko ta fito a 1979, aka sake rubuta ta daga tushe a 1984. A Metafont kowane harafi ɗan ƙaramin shiri ne da ke bayyana yadda alƙalami zai bi layi, da kaurin bakin alƙalamin, da inda zai karkata. Da ita Knuth ya ƙera iyalin Computer Modern, wanda ya kwaikwayi zubin Monotype Modern 8A na bugun farko. Ma'auni 62 ne ke sarrafa siffar iyalin, kuma daidaitaccen rukuninsa ya ƙunshi zubi 75. Kowane girma da nasa zane: ƙaramin zubi cmr5 ya fi cmr10, mai ninkin girmansa, faɗi da kauri idan aka daidaita su, kamar yadda maƙeran haruffan dalma suke yi a da.

Sakamakon farko ma bai gamsar da shi ba. Bayan sabon bugun littafin na 1981 ya ci gaba da gyara zanen da taimakon ƙwararru irin su Hermann Zapf, Matthew Carter da Richard Southall, har siffar ta zauna a wajajen 1986. Ko bayan nan ya taɓa ta: a 1992 ya sake zana ƙaramin harafin delta na Girkanci, kuma ya daɗe yana ƙorafin cewa mutane na ci gaba da amfani da tsohon.

Zubin ɗigo da injin da aka yi shi dominsa

Abin da Metafont ke fitarwa hoton ɗigo-ɗigo ne, wanda ake matsewa a fayil ɗin PK. Kafin ta zana, sai an gaya mata wace firinta za ta buga shi. Bayanin firintoci yana cikin fayil mai suna modes.mf: tsarin cx na injin Canon CX ne mai ɗigo 300 a inci, ljfour kuma na HP LaserJet 4 mai ɗigo 600. Ban da yawan ɗigo, kowane tsari yana da ma'aunin da ke ƙara wa layi kauri, domin injinan lesa iri biyu ne. Wasu haskensu yana rubuta inda baƙi zai zauna, wasu yana share inda fari zai kasance, kuma na biyun suna cinye siraran layuka. Idan an zaɓi tsari daidai, bugun yakan fito tas. Idan aka kai fayil ɗin da aka shirya wa wata firinta ga wata daban, sai rubutun ya fito a kode ko ya cika baƙi. Shi ya sa a shekarun 1980 da farkon 1990 matakin farko na bincike shi ne duba tsarin da aka ba dvips, manhajar Tomas Rokicki mai juya fayil ɗin DVI da TeX ke fitarwa zuwa PostScript, harshen da firinta ke karantawa.

Zuwan PDF

PDF ya rushe wannan lissafi, domin ba a san inda za a karanta fayil ɗin ba. Idan zubin ɗigo ya shiga PDF, yana shiga ne a matsayin nau'in zubin da ake kira Type 3, kuma tsofaffin sigogin Acrobat Reader suna nuna shi da muni ƙwarai: jinkiri wajen buɗe shafi, haruffa marasa daidaiton kauri, wasu kamar ɓera ya gaigaye su. Wannan ne ya jawo wa TeX sunan mai mummunan rubutu a tsakanin waɗanda ba su taɓa ganin bugunta a takarda ba. Dubban tsofaffin maƙalu da kundayen digiri da ke intanet har yanzu a haka suke.

Maganin shi ne zubin shaci na Type 1, wanda ke adana iyakar harafi a matsayin lanƙwasassun layuka, don haka ana iya girmama shi yadda aka so. Kamfanonin Blue Sky Research da Y&Y sun yi wa Computer Modern irin wannan siga suna sayarwa, sai a 1997 aka sake ta kyauta ta hannun Ƙungiyar Masana Lissafi ta Amurka da wasu mawallafa.

Nan ma an bar baya da ƙura. Tsarin lambobin haruffa na Knuth, wanda LaTeX ke kira OT1, gurbi 128 ne kawai, kuma harafi mai alama a samansa, haɗa shi ake yi da guda biyu, abin da ke hana raba kalma a ƙarshen layi. A taron masu amfani da TeX da aka yi a Cork ta ƙasar Ireland a 1990 aka amince da tsari mai gurbi 256, wato T1, kuma zubin EC da aka yi wa wannan tsari, da Metafont aka rubuta shi. Don haka mutum zai ƙara layi ɗaya mai kiran fontenc, ƙunshin LaTeX mai zaɓar tsarin lambobin haruffa, da T1, bisa shawara mai kyau, sai rubutunsa ya koma ɗigo-ɗigo. Har yau wannan na cikin sanannun musabbabai. Hanya biyu ake bi: a girka cm-super na Vladimir Volovich, wanda ya fito a wajajen 2001 kuma manhaja ce ta bi sawun ɗigon ta fitar da shacinsa, ko a kira lmodern, wato Latin Modern na Bogusław Jackowski da Janusz Nowacki na ƙungiyar GUST ta Poland, da ya fara fitowa a 2003.

Hanyar bincike

Masu gogewa sukan fara da girmama shafin sau 8 ko fiye. Idan gefen harafi ya zama matakala, zubin ɗigo ne. Sai a tabbatar da umarnin pdffonts, wanda ke jera kowane zubi da nau'insa da kuma ko an cusa shi cikin fayil ɗin. Ƙarshen fayil ɗin log, wato rahoton aiki na pdfTeX, sigar TeX mai fitar da PDF kai tsaye, ma yana faɗin gaskiya: sunan da ya ƙare da pfb shaci ne, wanda ya ƙare da 600pk ɗigo ne.

Wani lokaci zubin shaci yana nan a kwamfutar amma ba a amfani da shi, saboda fayil ɗin da ke haɗa sunan zubi da inda yake, wato pdftex.map, bai san da shi ba. Umarnin updmap ke sabunta shi. A TeX Live, tarin manhajojin TeX da ake girkawa tare, akwai tarko a nan: wanda ya taɓa gudanar da shi a matsayin mai amfani ɗaya ya ƙirƙiri nasa kwafin, kuma wannan kwafi zai ci gaba da rufe na kowa da kowa duk sabuntawar da aka yi daga baya. Ƙunshin microtype, mai ɗan miƙa ko matse haruffa domin daidaita layi, yakan fallasa matsalar da kansa, domin miƙa faɗin haruffa ba ya yiwuwa sai da zubin shaci, sai pdfTeX ta tsaya da kuskure.

Ba duk Type 3 ne ɗigo ba, kuma ba duka daga TeX yake zuwa ba. Jadawalin da aka zana da manhajar zane ta matplotlib yana ɗauke da Type 3 in ba a canza saitin nau'in zubinsa zuwa 42 ba, kuma hakan kan sa mujallu su mayar da maƙala duk da rubutun kansa lafiya lau yake.

Gargaɗin cewa an musanya girma ko siffar zubi yana nufin LaTeX ba ta sami abin da aka nema ba, ta ɗauki mafi kusa; ƙunshin fix-cm yana cire ƙayyadaddun matakan girma.

Haruffa masu ƙugiya

OT1 da T1 duka ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Jörg Knappen, wanda ya kammala zubin EC, ya yi wa harsunan Afirka zubin fc mai tsarin T4 a farkon shekarun 1990, kuma haruffan Hausa suna ciki, manya da ƙanana. Da Metafont aka rubuta shi, saboda haka rubutun Hausa da aka tsara da shi yakan faɗa cikin matsalar ɗigon da aka bayyana. Wasu sun riƙa aro daga TIPA, ƙunshin alamomin furuci na Rei Fukui, amma aron harafi daga wani zubi yakan nuna kansa a tsakiyar kalma in kaurinsu bai zo ɗaya ba.

XeTeX, wadda Jonathan Kew na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ya fitar a 2004, da kuma LuaTeX, sababbin sigogin TeX, suna karanta Unicode kai tsaye kuma suna amfani da zubin OpenType ta ƙunshin fontspec. A nan lahanin ya sauya kama: idan zubin ba shi da ƙ, mai lamba U+0199, ko ɗ, mai lamba U+0257, sai a bar gurbin fayau ko a sa akwati, "ƙasa" ta koma "asa", kuma shaidar tana iya tsayawa a layin Missing character cikin log. Ɗaga ma'aunin \tracinglostchars zuwa 3 a sababbin sigogi yana mayar da shi kuskuren da ke tsayar da aiki. Zubin Charis, Doulos, Gentium da Andika na SIL duka suna da haruffan. Domin ajami kuwa, SIL ta fitar da Harmattan da kuma Alkalami, wanda ya bi salon rubutun hannu na yankin Kano.

Sirantar Computer Modern

Ana saɓani kan wannan. Wasu na ganin sigar shaci ta fi abin da Knuth ya nufa siranta, tunda babu ƙarin kaurin firinta kuma babu yaɗuwar tawada. Wasu na cewa haka salon yake tun asali. Zubin MLModern da sigar Book ta New Computer Modern, masu ɗan ƙarin kauri, an yi su ne domin masu ra'ayin farko.