Kwalba Ɗaya, Hukunci Biyu: Abin da Doka Ta Ce Kan Sinadarin Jinin da Ake Haɗawa a Ɗakin Gwaji

A cikin jinin kowannenmu akwai wani sinadari da hanta ke yi, masana na kiransa kolinestares. Shi ne ke narkar da wasu magungunan da likitoci ke bayarwa lokacin tiyata don saki jiki, kuma shi ne ke fara raunana idan gubar maganin ƙwari irin su fiya-fiya ta shiga jiki. Shi ya sa mai binciken lafiyar manoman da ke feshi ba safar hannu ba takunkumi, a Shika ko Bomo da ke kusa da Zariya, yake bukatarsa. Da daga jinin mutane ake tace shi. Yanzu kuwa ana ɗaukar ƙwayar halittar da ke ba da umarnin yin sa, a dasa a cikin wasu ƙwayoyi masu rai da ake rainonsu a ɗakin gwaji, su yi ta samar da shi.

Wannan dashen ne ya jawo doka cikin maganar. A 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar NBMA, mai sa ido kan halittun da aka sauya wa ƙwayar halitta. A 2019 aka yi wa dokar gyara aka faɗaɗa ikonta. Mutanen Samaru ba baƙi ba ne ga hukumar, don ita ce ta amince da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsa, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ta samar, aka sake shi ga manoma a ƙarshen 2019.

To amma me ya haɗa wake da 'yar kwalbar wannan sinadari da ɗalibi ya yi odar ta daga Amurka? Tambayar da doka ke fara yi ita ce: abin da ke ciki yana da rai? Sinadarin da aka riga aka tace ba ya numfashi, ba ya haihuwa. In ya zube a ƙasa ya lalace kenan. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Kartahena ta shekarar 2000, wadda Najeriya ke cikinta, kan halittu masu rai take magana. Amma ranar da wani malami ya ce kuɗin dala ya ishe shi, gara ya shigo da ƙwayoyin masu rai ya riƙa haɗa abinsa a nan Zariya, lissafi ya canza. Shigo da su, ajiye su, da aiki da su ko a ɗaki rufaffe ne, duk sai da izinin NBMA. Dole kuma cibiyar ta kasance da kwamitinta na cikin gida da zai duba inda za a ajiye su, wa zai taɓa su, da yadda za a kashe ragowar kafin a zubar. Wanda ya tsallake, dokar ta tanadar masa tarar da ba ta gaza naira miliyan 2.5 ba, ko ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, ko duka biyun. A ganina ko tataccen ne ka sayo, rubuta wa kwamitin takarda ka ajiye amsarsu. Rigakafi ya fi magani.

Sai rubutun da ke jikin kwalbar, cewa don bincike kaɗai aka yi shi. Mutane na karanta shi su wuce kamar ado. Ma'anarsa ba a gwada shi a matsayin magani ba, ba a tace shi da tsaftar da allura ke bukata ba. Jin cewa yana kama gubar maganin ƙwari kada ya ruɗi kowa ya sa wa marar lafiya. Duk abin da zai shiga jikin mutum da sunan magani a ƙasar nan sai ya bi ta hannun NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993. Ko sakamakon gwajin da za a miƙa wa majinyaci bai kamata a gina shi a kan kayan bincike ba.

Wanda kuma zai kwatanta na kwalba da jinin manoma na gaske, wata ƙofa ce daban ke jiransa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, irin wanda ke Asibitin Koyarwa na Shika. Manomin ma sai an yi masa bayani da harshen da yake ji, ya yarda da kansa, kafin allura ta taɓa hannunsa. Yardar mai unguwa ba ta tsaya a madadin tasa.