Soke permi bayan ƙarewar maki

Soke permi bayan ƙarewar maki hukunci ne da hukuma take yanke ma direba idan laihuffukan da ya yi bisa titi sun taru har sun kai iyakar da doka ta aza, sai a ce permin nashi ya mutu, ba shi da sauran izinin tuƙi sai ya jira wasu watanni, sau da yawa ma sai ya sake jarabawa. Mu nan Maradi permi muke cewa, ƴan uwanmu na Katsina da Kano lasisi suke cewa, abu guda ne.

Mutane suna haɗa shi da wasu abubuwa biyu da ba su ne ba. Akwai riƙe permi, wanda kowane direban da ke bin hanyar Ɗan Isa ko ta Tasawa ya sani, jandarma ko ɗan sanda ya amshe takardunka har ka je ka biya tara ka dawo da rasit a miƙo maka abinka, wannan permin lahiyarshi lau, hannu kawai ya canza. Akwai dakatarwa, a ce kar ka taɓa sitiyari wata ukku ko shidda, in lokacin ya cika permin da ka sani shi za a maido maka. Sokewa kuwa ba a maido komi, wancan permin ya tahi kenan, sabo za ka nema.

Yadda ake lissahin makin

Hanya biyu ce ake bi a duniya. Wasu ƙasashe suna ba ka maki tun farko kamar jari, kowane laihi a cire wani abu, ranar da ka kai sihiri permi ya faɗi, haka Faransa da Italiya da Sipaniya da Maroko suke yi. Wasu kuma daga sihiri kake farawa ana ɗora maka kamar bashi a littahin mai kanti, in ya kai wani adadi a rufe littahin, haka Ingila da Jamus suke yi. Duka dai manufa guda ce, a gane mutumen da ya mayar da karya doka ɗabi'a, don tara kaɗai ba ta tuna abin da ka yi jiya, ka biya yau gobe ka sake, mai kuɗɗi ma ko a jikinshi. Maki kuwa alhaji mai sabuwar mota da ɗan kabu-kabu adadi guda suke da shi, kuma wannan shi ne abin da ya sa ni nake ganin tsarin shina da adalci a tushenshi.

Faransa

Tsarin Faransa shi ya kamata ɗan Nijar ya hi sani tunda kodin da ake karantarwa a oto-ekol ɗinmu daga can ya samo asali. An yi dokar a 1989, ta fara aiki ranar 1 ga watan Yuli 1992 da maki 6 kacal, direbobin manyan motoci suka ce ba su yarda ba suka datse hanyoyin ƙasar kwana da kwanaki, kahin shekarar ta ƙare gwamnati ta mayar da makin 12. Tun 2004 kuma sabon direba da maki 6 yake farawa, in bai yi laihi ba ana ƙara mashi 2 kowace shekara har ya cika 12 a shekara ukku.

Riƙe waya a hannu kana tuƙi maki 3 ne da tarar yuro 135, wajen jikka 88 da rabi kenan a kuɗɗinmu na sefa. Rashin ɗaura bel 3. Ƙetare jar wuta 4. Tuƙi da giya a jini sama da ƙa'ida 6, wuce iyakar gudu da kilomita 50 ko hiye shi ma 6. Galibi laihi guda ba ya cin sama da 6, in kuma an kama ka da laihuffuka da yawa a tsayuwa guda galibi ba a cire sama da 8. To ka lissafa da kanka, waya sau biyu, jar wuta sau guda, ɗan gudu nan da can, mutumen da bai taɓa kaɗe ko akuya ba shina iya wayan gari ba shi da permi, kuma sabon direba da ke da 6 kaɗai laihi guda babba ya ishe shi a shekarar farko.

Ana iya maido maki kahin a kai ga faɗuwa. In ka zauna lahiya ba laihi suna dawowa da kansu, maki guda bayan wata shidda, sauran bayan shekara biyu ko ukku gwargwadon girman laihin. Akwai kuma wani karatun faɗakarwa na kwana biyu da mutum ke biya da aljihunshi a maido mashi har maki 4, sau guda a shekara ake yarda a yi shi. Amma da zarar maki ya kai sihiri kuma wasiƙar ma'aikatar cikin gida da suke kira 48SI ta shigo hannunka, irin wasiƙar nan da sai ka sa hannu ake ba ka, ƙofar karatun ta rufe. Kwana 10 gare ka ka kai permin biron perefe. Wata shidda ba ka da damar samun sabo, in kuma karo na biyu ne cikin shekara biyar to shekara guda cur. Sai likita ya duba ka, sai an yi maka gwajin natsuwa da saurin hankali, sannan jarabawa, wanda perminshi ya kai shekara ukku kuma ya nemi sabo da wuri kodi kaɗai zai sake, wanda bai kai ba kodi da tuƙi duka. Sabon da za a ba shi ma na ɗan koyo ne mai maki 6 ko da ya shekara talatin bisa titi. Wanda ya ƙi kai permin ko ya ci gaba da tuƙi, doka ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyu da tarar yuro 4,500, kusan miliyan ukku na sefa.

Ingila da Jamus

A Ingila in maki 12 suka taru cikin shekara ukku kotu ke hana mutum tuƙi, aƙalla wata shidda, sai dai alƙali shina iya sassautawa in direban ya nuna hanin zai jefa shi ko iyalinshi cikin wahala da ta wuce misali. Sabon direba ba shi da wannan sassaucin, tun 1997 duk wanda ya tara maki 6 cikin shekara biyu da cin jarabawa hukumar ba da permi ta ƙasar, DVLA, tana soke perminshi kai tsaye ya koma ɗan koyo, kuma tun 2017 waya a hannu maki 6 ce da fam 200, wato kamu guda ya isa. Jamus a garin Flensburg ake aje lissahin, da can sai maki 18 ake amshe permi, daga 1 ga Mayu 2014 aka sake tsarin ya koma 8, da gargaɗi hawa biyu kahin a kai nan.

A Afirka

Maroko ta fara da sabon kodinta a watan Oktoba 2010, maki 30 ga cikakken direba, 20 ga sabo. Kwaddibuwa ta soma nata mai maki 12 a watan Maris 2023, wannan ya shahi mutanenmu sosai don ba a ƙirga ƴan Maradi da Tawa da ke neman abinci a Abijan, wasunsu da mota suke nemanshi. A Nijeriya hukumar kiyaye haɗurra FRSC da aka kafa a 1988 tana da jadawalin laihuffuka, kowane laihi da tararshi da makinshi a gefe, direban da ke ƙetara iyaka ta Jibiya ya kamata ya san da wannan.

Abin da yake nuhi ga direba

Ga ma'aikacin biro da ke zuwa aiki da motarshi sokewa takura ce, zai hau kabu-kabu ko adaidaita wata shidda ya wuce. Ga wanda sitiyari ne gonarshi magana ta canza gaba ɗaya. A tsarin Faransa permi guda ne maki guda, in ya faɗi duk rukunan da ke ciki sun faɗi, na babur da na ƙaramar mota da na tirela, kuma laihin da ka yi da motar gida ranar hutu cikin asusun nan guda ake cire shi. Ka ɗauki direban da ke jigilar kaya tsakanin Maradi da Yamai, kwana nawa yake yi bisa titi a wata, shinge nawa yake wucewa, wanda ke tuƙi awa goma a yini ai dole damar kuskurenshi ta hi ta wanda ke tuƙi minti ashirin, ga mai mota shina ta buga waya shina tambaya ina kuka kai, ga ƴan kasuwa suna son kaya su sauka kahin ranar kasuwa. Da yawa daga gudun da direba ke yi ba don kanshi yake yi ba, amma makin nashi ne ake cirewa, mai motar kuwa gobe zai miƙa makulli ga wani, yaron motar ma da ke binshi ya rasa wurin kwana. A gida guda baki goma ko sha biyar suna iya dogara da permin nan.

Akwai kuma asirans, a ƙasashen da tsarin ya kafu kamfani shina ƙara ma wanda aka soke ma permi kuɗɗi ko ya ƙi ɗaukarshi sam, in kuma ya saci hanya ya tuƙa ba permi har ya yi haɗari kamfanin shina iya biyan wanda aka ji ma rauni sannan ya juyo ya bi direban bashin kuɗɗin duka, bashin da wani har ya mutu bai gama biya ba.

Duk da haka ban ga yadda mutum zai ce a bar abin ba, in ya taɓa tsayawa bakin asibiti ya ga waɗanda ake saukewa daga hanyar Gidan Rumji ko ta Madarunfa. Hukumar lahiya ta duniya a rahotonta na 2023 ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa bisa titi kowace shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a Afirka ce kan gaba alhali mu ne masu ƙarancin motoci. Faransa ta rasa kusan mutum 18,000 a 1972, yanzu ƙasa da 3,500 take rasawa a shekara, ba maki kaɗai ya yi wannan aikin ba, akwai bel da gyaran hanya da kamarorin gudu da aka fara kafawa a 2003, amma maki shina cikin lissahin.

Inda tsarin ke yoyo

Maki ba ya aiki sai da rajista guda ta ƙasa a kwamfuta wadda jandarman Dakoro da na Difa za su duba su ga abu guda, kuma sai permi ya zama mai wuyar bugawa a bayan fage, in ba haka ba wanda aka soke ma a nan sai ya tahi wani gari ko wata ƙasa ya dawo da sabo. Sai babban abin tsoro, na goro. In jami'i shina iya rubuta laihi ko ya ƙi rubutawa, to barazanar cire maki ƙara kuɗɗin da ake miƙawa ta taga kawai za ta yi, talaka ya rasa permi mai hali ya wuce, shi ya sa ƙasashe da yawa suka jingina tsarin da kamara.

Kamarar ma lambar mota take gani ba ta san wa ke tuƙi ba, daga nan aka samu masu ɗora laihinsu bisa mata ko tsohon da ya daina tuƙi. A Ingila wani ɗan siyasa Chris Huhne kamara ta kama motarshi da gudu a 2003, makinshi ya kusa cika sai matarshi ta lokacin Vicky Pryce ta ce ita ke tuƙi, bayan aurensu ya mutu maganar ta hito, ya sauka daga kujerar ministan makamashi a 2012, a watan Maris 2013 kotu ta yanke ma kowanensu ɗaurin wata takwas.