Sabar manhajar yanar gizo: matsalar nauyi da zaɓen inda za a ɗora ta

Sabar manhajar yanar gizo kwamfuta ce, haɗe da manhajojin da ke kanta, wadda ke karɓar buƙatun masu amfani ta intanet, ta yi lissafin da ake nema, ta leƙa rumbun bayanai, sannan ta mayar da amsa. Ita ce ke bayan shafin duba sakamakon jarrabawa, da shafin biyan kuɗin makaranta, da manhajar da ɗan kasuwar Kantin Kwari ke lissafin dilolinsa da ita. Idan ta yi nauyi, abin da mai waya ke gani shi ne shafi yana ta juyawa, ko lamba 502 ko 504 ta fito, sai a ce "netwok ne". Sau da yawa ba netwok ba ne.

Tushen nauyin

Tsohon tsarin Apache, manhajar karɓar buƙatu a saba wadda ta fito a 1995, yakan ware wa kowane mai shigowa ma'aikacinsa, wato ɗan shirin da zai yi masa aiki a cikin kwamfuta, kowanne da kasonsa na RAM. Da jama'a sun yi yawa sai RAM ta cika, kwamfutar ta koma ajiya a faifai, komai ya tsaya cak. Dan Kegel ya yi wa matsalar laƙabi da C10K a 1999, wato yadda saba ɗaya za ta riƙe mutum 10,000 a lokaci guda. Nginx, wani takwaran Apache da Igor Sysoev na Rasha ya saki a 2004, ya bi wata hanya: ma'aikata kaɗan ne ke zagayawa kan dubban buƙatu, kamar mai shayi da ke soya ƙwan wannan yana zuba wa wancan madara. Node.js na 2009, wanda ake gina manhajojin saba da shi, shi ma haka yake aiki, kuma Apache daga baya ya samu irin wannan salon.

Sai dai a ƙananan manhajoji, ba kasafai laifin ke wuyan Apache ko Nginx ba. Rumbun bayanai, MySQL ne ko PostgreSQL, shi ne inda lokaci ya fi salwanta. Teburin bayanai marar fihirisa, wato jerin da ke nuna inda kowane bayani yake, dole a karanta shi daga farko har ƙarshe a kowace tambaya. Yana da suna 500 ba wanda zai lura, ranar da ya kai 500,000 ne ake gane kuskuren. Akwai kuma shafin da zai nuna kaya 200 amma ya tambayi rumbun sau 201, ɗaya don jerin, sauran don kowane kaya daban. Irin wannan ko an ƙaro saba mai tsada ba ya warkewa, umarnin da aka rubuta manhajar da su ake gyarawa. Abin da ake yawan nema kuma ba ya canzawa, ana ajiye shi a ma'ajiyar wucin gadi irin Redis.

Nisa

Haske a cikin wayar faiba yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa, kuma ba ya wuce haka. Wayoyin ƙarƙashin teku irin MainOne, Glo-1, WACS da Equiano a Legas suke sauka, wajen kilomita 1,000 daga Kano. Saƙon da ya tashi daga Fagge zuwa saba a Landan ko Frankfurt sai ya gangara kudu, ya bi teku, ya dawo, kuma buɗe shafi mai tsaro na HTTPS kaɗai yana cin zirga-zirga fiye da ɗaya kafin harafin farko ya bayyana. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi da dama suka yanke a tekun Afirka ta Yamma, shafukan da ke zaune a Turai suka yi wuyar samu.

Zaɓen dandali

Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, ya fi yawa a wannan fage saboda ba a biyan lasisinsa, kuma harsunan rubuta manhaja irin PHP, Python da Java duk suna zaune lafiya a kansa. Windows Server na da amfani inda aka gina manhaja da kayan Microsoft irin tsohon .NET ko SQL Server. Bambancin gudunsu bai cika kai yadda masu gardama ke kururutawa ba. Wanda mai kula da sabar ya iya gyarawa da tsakar dare shi ya fi dacewa.

Tambaya mafi nauyi a Kano ita ce inda injin zai zauna. Ajiye shi a ofis na nufin inbata, batura, sola ko janareta, da na'urar sanyaya ɗaki a watan Afrilu lokacin da zafi ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fankokinsa. Hayar wuri a saba ta haɗaka, inda shafukan mutane da yawa ke zaune a inji ɗaya, tana da araha, amma maƙwabci ɗaya mai cin ƙarfi kan jawo wa kowa nauyi. Manyan kamfanoni irin AWS, Azure da Google Cloud suna ba da damar ƙara ƙarfi ranar cunkoso, misali makon rajistar ɗalibai, a rage bayan ya wuce, sai dai kuɗinsu da dala ake lissafawa, kuma tun da aka saki farashin naira a Yunin 2023 lissafin ya sauya wa mutane da yawa. Cibiyoyin ajiyar saba na cikin gida, waɗanda akasarinsu ke Legas, suna rage nisa, suna kuma sauƙaƙa bin dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa ƙetare.