Haɗa talabijin mai HD a falo: tambayoyi da amsoshi

Mutane da yawa suna zuba kuɗi a kan babban talabijin, su kai gida su haɗa, sai su ga hoton bai kai wanda suka gani a shago ba. Galibi talabijin ɗin lafiyarsa ƙalau. Matsalar tana cikin abin da ake ba shi: dikoda, wayar haɗi, wuta, ko saiti.

Me ake nufi da HD, kuma me ya raba shi da Full HD da 4K?

Hoton talabijin ɗigo-ɗigo ne ƙanana da aka jera a kan allo, kuma yawansu ne ke sa hoto ya fito tar. Tsohon tsarin da muka saba da shi ɗigo 720 ne a kwance, 576 a tsaye. HD na farko, wanda ake rubutawa 720p, yana da 1280 a kwance da 720 a tsaye. Full HD ko 1080p yana da 1920 da 1080, wato ɗigo sama da miliyan 2. Shi kuwa 4K yana da 3840 da 2160, ninki huɗu na Full HD ke nan. Idan ka ga an rubuta "HD Ready" a jikin kwali, yawanci 720p ake nufi. A allo mai inci 32 wannan ba laifi, amma daga inci 43 zuwa sama kada ka yarda da ƙasa da Full HD.

Na sayi 4K, amma hoton dishi-dishi yake fitowa. Ina matsalar?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci. Talabijin ba ya ƙirƙirar hoto, abin da aka turo masa yake nunawa. Idan tashar da kake kallo a tsohon tsari take watsa shirinta, allon zai shimfiɗa ɗigon nan kaɗan ne ya cika fuskarsa, kamar a ɗauki hoton fasfo a wanke shi da girman kalanda. Shi ya sa wani lokaci tsohon fim ya fi kyau a ƙaramin talabijin.

Abu uku za ka duba, ɗaya bayan ɗaya. Na farko tashar: ita kanta da HD take watsawa? Ba kowace tasha ba ce, ko da a kan dikodar biyan kuɗi irin ta DStv, StarTimes ko Canal+. Na biyu dikodar ko risibar: ta tauraron ɗan'adam sai ta kasance mai DVB-S2 kafin ta kama yawancin tashoshin HD, ta eriya kuma DVB-T2, wanda shi ne tsarin da Najeriya ta ɗauka tun da aka fara sauyawa zuwa dijital a Jos a 2016. Na uku, kuma nan ne aka fi faɗawa, wayar da ta haɗa dikoda da talabijin. Leƙa bayan allon. Idan ka ga wayar nan mai kai uku, rawaya da ja da fari, to ka gano ɓarawon. Ita rawayar ce ke ɗaukar hoto, kuma ba ta iya ɗaukar HD ko kaɗan, komai tsadar dikodar. Cire ta, ka sa HDMI, wato wayar nan mai kai ɗaya da ke ɗaukar hoto da sauti tare. Bayan haka ka shiga saitin dikodar ka tabbata fitar hoto tana kan 1080, domin wasu ana barin su a kan 576.

Wayar HDMI mai tsada ta fi mai araha fitar da hoto?

A'a. Saƙon dijital take ɗauka: ko ya iso daidai, ko ka ga hoto yana ɗaukewa da walƙiya. Mai kyau ta mita 1.5 ko 2 ta isa. Idan 4K za ka kalla, nemi wadda aka rubuta Premium High Speed a kwalinta.

Inci nawa ya dace da falona?

Ana auna incin talabijin ne daga kusurwa zuwa kusurwa, ba faɗinsa ba. Kafin ka tafi kasuwa, auna tazara daga bango zuwa kujerar da aka fi zama. Ga Full HD, ana so tazarar ta kai ninki ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi na girman allon. Inci 43 kusan santimita 109 ne, don haka zama daga mita 1.6 zuwa 2.7 ya yi. Inci 55 kusan santimita 140 ne, yana son mita 2 zuwa 3.5. Da 4K ana iya matsowa kusa fiye da haka. Ni a ganina, gara inci 43 na gaske mai takardar garanti da inci 55 da aka liƙa wa sunan babban kamfani. A sa mai shago ya kunna maka shi da farin hoto sannan da baƙi, ka duba ko akwai tabo ko layi, musamman idan na hannu ne.

Me ya sa sautin sababbin talabijin bai kai na tsofaffi ba?

Saboda siririn jiki ba ya da wurin sa lasifika mai ƙarfi, kuma yawancinsu ƙasa ko baya suke fuskanta. Mafi sauƙin magani shi ne doguwar lasifikar nan da ake ajewa a ƙasan allo, tare da akwatin da ke fitar da gangar sauti. Nemi ramin HDMI da aka rubuta ARC ko eARC a bayan talabijin, ka haɗa ta nan. Da waya ɗaya sauti zai fita, kuma rimot ɗin talabijin zai riƙa ƙarawa da ragewa. In babu ARC, wayar sauti da ake kira optical ta wadatar.

Tsarin 5.1 kuwa lasifika biyar ne da akwatin ganga ɗaya: ɗaya a tsakiya don muryar masu magana, biyu hagu da dama, biyu a gefen masu zama ko ɗan bayansu. A gidaje da yawa za ka tarar an jera su duka biyar a kan kabad ɗaya a gaba. In haka za a yi, kuɗin ya tafi a banza, gara tun farko a sayi doguwar lasifikar.

Yaya zan kare kayan daga wuta?

Nan nake so a fi mai da hankali, domin abin da ke kashe talabijin a gidajenmu ba yawan kallo ba ne. Lokacin da aka dawo da wuta ne, ko lokacin juyawa daga janareta zuwa nepa, wuta kan shigo da ƙarfi ta ƙona bodin. Ƙaramar na'urar nan da ake kira TV guard tana yanke wuta idan ta yi yawa ko ta yi ƙasa, kuma tana ɗan jinkirtawa kafin ta sake ta. Kuɗinta bai wuce kashi kaɗan na kuɗin allon ba. Idan unguwarku wutar kullum ƙasa take, sai a ƙara da sitabilaiza. Masu sola su nemi inbata mai fitar da wuta irin ta layi, wadda ake rubuta wa pure sine wave, domin mai arahar takan sa lasifika gurnani.

Akwai kuma hanyar da ake mantawa. Da damina, tsawa tana iya biyowa ta wayar dish ko eriya, ta shiga dikoda, ta bi HDMI ta ƙona talabijin ko da a kashe yake. Idan hadari ya haɗo da walƙiya, kashewa da rimot bai isa ba. Zare filogi daga soket, ka kwance wayar dish daga bayan dikoda.

Idan ta intanet zan riƙa kallo fa?

Sai ka yi lissafin data tukuna. Netflix ta ce Full HD yana buƙatar gudun megabit 5 a daƙiƙa, 4K kuma 15. Awa ɗaya na HD yana iya cin gigabait 3, na 4K har 7. Fim biyu a dare sun isa su cinye datar wata ta mutum. A YouTube da makamantansu ana iya rage ingancin hoton zuwa 720p, kuma a allo mai inci 32 ko 43 bambancin ba shi da yawa.

Ina ya kamata a rataye shi?

Tsakiyar allon ya yi daidai da idon mai zaune. In a ƙasa iyalinka suka fi zama, kan kafet ko tabarma, sauko da shi ƙasa kaɗan. Kada ya fuskanci taga, kuma a bar masa sarari a baya don iska. Ramukan kusoshi huɗu da ke bayansa suna da awo, misali 200 da 200 a milimita, sai ka sayi ƙarfen rataya da ya dace da su. Lokacin hunturu a riƙa share ƙura da ƙyalle mai laushi busasshe, ba a fesa wa allon ruwa kai tsaye.

Akwai saitin da ya kamata in taɓa?

Akwai. Fitar da shi daga yanayin shago zuwa na gida, ka sauya hoto daga Vivid zuwa Movie ko Cinema. Da farko zai yi maka kamar ya dushe, amma launin fatar mutane zai koma daidai, ido kuma ya huta. Girman hoto ya kasance 16:9, kuma a sa hakan a dikodar ma, in ba haka ba za ka ga fuskoki sun yi faɗi ko rubutun ƙasan allo ya yanke.